In Ya Buɗe Ka Dawo: Masu Waldar Salansa a Ƙasar Haɗeja

Motar da manifol ɗinta ya tsage da safe take faɗin ciwonta. Ana murza makulli, injin na da sanyi, sai a ji wata 'yar ƙara daga ƙarƙashin bonet, tak-tak-tak, tana bin bugun injin, in an taka totur ta ƙara sauri. Bayan 'yan mintuna ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura, bakin tsagar ya haɗe, ƙarar ta ɗauke. Wannan ne ya sa mai mota kan yi wata da watanni yana yawo da ita yana cewa lafiyarta ƙalau. Wannan ne kuma ya sa wani dillalin ba ya yarda mai saye ya tarar da mota da sanyinta: kafin a iso ya riga ya tayar da ita ta yi ɗumi.

Direbobin da ke tashi daga Haɗeja su nufi gabas, ta Kirikasamma zuwa Baturiya da ƙauyukan da ke bayanta har Guri, sun san wannan ƙara. Ƙasar ta ruwa ce. Kogin Haɗeja, wanda Kogin Kano da Kogin Challawa suka haɗu suka haifa, da ya wuce gari sai ya rarrabu ya bazu cikin fadama. Dausayin Baturiya kaɗai ya haura hekta 100,000, kuma tun 2008 yana cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, ruwan ya daina bin tsohon lokacinsa. Yana gudu har da rani, kacalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai, ruwan da ya rasa hanyarsa kuma sai ya hau gonaki da hanyoyin mutane. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sai an yi masa bayani ba.

A irin wannan ƙasa ƙaramar mota iyakarta kwalta. Mai sayen shinkafa da kifi, da ma'aikacin rigakafi, da malamin gona, da hakimin da zai je gaisuwar mutuwa a ƙauye, da baƙin da ke zuwa kallon tsuntsayen Turai da hunturu, kowa jif yake nema ko Hilux: Land Cruiser, Prado, Pathfinder, Highlander, 4Runner. Motoci ne masu ƙarfi, amma duk ƙarfinsu suna da wuri ɗaya da fadama ke kama su, wato hanyar da hayaƙi ke bi daga injin zuwa bayan mota. Mutumin da ke zaune yana jiran su a bakin gareji, da tukunyar gas da tarin tsofaffin bututai a gefensa, shi ake kira mai salansa.

Mutane kan haɗa komai su ce salansa, alhali abubuwa ne da dama a jere. Na farko manifol, wanda ke manne da kan injin, yana tattara hayaƙin kowace silinda ya zuba a bututu ɗaya. A tsofaffin jif yawanci na ƙarfen zubi ne, wanda masu sana'a ke ce wa kas. Daga nan sai wani guntu mai lanƙwasuwa da aka saƙa da waya don ya shanye girgizar injin, sai tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, sai dogon bututu, sai ita tukunyar rage ƙara da ke can baya. Duka a rataye suke a ƙarƙashin mota da 'yan robobi. Hayaƙin da ke fitowa daga injin fetur kan kai maki 700 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos idan mota na aikin ƙarfi, kuma babu aikin ƙarfi kamar jan buhunan shinkafa cikin rairayi da giya ɗaya. Da dare, in ka ɗaga bonet bayan irin wannan tafiya, kana iya ganin manifol ya yi ja.

To a wannan hali ne direba ke isowa bakin ruwa. Ba ya iya tsayawa, don ya san in ya rage gudu zai kafe a laka, sai ya danna ciki. Kowace mace ta san abin da ke faruwa da kaskon tuya na ƙasa in yana kan wuta aka watsa masa ruwan sanyi. Gefen ƙarfen da ruwa ya taɓa ya tsuke nan take, gefen da ke manne da injin yana nan a kumbure, kas kuma ba ya miƙuwa, tsagewa yake. Ba lallai ne ya tsage a ranar ba. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har wata safiya a ji tak-tak.

Ruwa ba shi kaɗai ne mai laifi ba, kuma a nan ake gane mai salansa na ƙwarai. Robar da ke riƙe da injin in ta mutu, injin kan yi tsalle ya ja bututu. Robobin rataya in sun tsinke aka ɗaure da waya, nauyin bututun gaba ɗaya kan koma wuyan manifol. Fulogin da ba ya ƙona mai sosai kan tura ɗanyen fetur ya je ya kama wuta a cikin bututu. Indomi in ta toshe, zafi kan taru a baya. Wasu injinan ma da raunin aka ƙera su: masu gyara a ƙasashe da dama sun san injin V8 mai lita 4.7 na Land Cruiser da Sequoia, da mai lita 5.6 na Nissan Armada, da tsohon injin Jeep Cherokee mai lita 4.0, da yawan tsagewar manifol. Wanda ya toshe tsaga bai nemi abin da ya jawo ta ba, ya dai ba mai mota ranar dawowa ne.

Kafin ya taɓa wuta, mai salansa da kunne yake farawa. Yakan ce a bar motar ta kwana, da safe a tayar a gabansa. Yakan sa yaro ya toshe bakin bututun baya da tsumma na ɗan lokaci, hayaƙi ya rasa mafita ya riƙa huci ta inda ya samu. Yakan kai bayan hannunsa kusa da ƙarfe kafin ya yi zafi don ya ji iska, ko ya shafa ruwan sabulu ya ga inda zai yi kumfa. Sannan ya nemi baƙin zane, domin duk inda hayaƙi ya daɗe yana tsiyaya sai ya bar sawunsa. Sau da yawa ma ba tsaga ba ce, gaskit ne ya ƙone ko ƙusoshin da ke riƙe manifol ne suka karye. Cire karyayyar ƙusa daga kan injin na alminiyam wata gwaninta ce mai zaman kanta: a ɗora noti a kan guntun da ya rage, a cika cikinsa da walda, zafin ya sassauta tsatsa, a sa sifana a juya a hankali. Waldar ba ta kama alminiyam, sai ƙusar kaɗai. In hannu ya kuskure aka lalata zaren ramin, aikin yini ya zama na mako.

Waldar bututu abu ne mai sauƙi, almajirin shekara ɗaya ma yana yi. Waldar kas ita ce jarrabawar sana'ar. Kas na ɗauke da sinadarin gawayi mai yawa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, don haka in aka narka shi ya huce da sauri, gefen waldar kan yi tauri ya yi gautsi, har yakan tsage tun yana hannun mai aiki. Wanda ya san aikin ba ya yi a jikin mota. Zai kwance manifol ɗin, ya wanke, ya bi tsagar har ƙarshenta, wanda kullum ya fi inda ido ke gani nisa, ya huda ɗan rami a kowane ƙarshe don kada ta ci gaba da tafiya. Zai gurza bakinta ya buɗe ta yadda walda za ta shiga ciki, ba ta zauna a sama ba. Sai a hura gawayi a ɗora ƙarfen gaba ɗayansa ya ɗau zafi daidai wa daida. A nan tsohon ilimin maƙera ke aiki, na sanin zafin ƙarfe daga launinsa da hucinsa ba tare da ma'auni ba. Daga nan a ɗauko sandar walda ta musamman mai nikel, wadda ta ninka ta yau da kullum tsada, a yi ɗan gajeren ɗinki kamar tsawon gaɓar yatsa, a ajiye, a bi shi da ƙaramar guduma a daddoka tun yana da zafi don ya saki jiki, a koma ɗaya gefen a yi wani. Wasu sun fi son tagulla da wutar gas, wadda ba ta narka kas ɗin kansa, sai dai tana jin jiki a wurin da zafi ya yi tsanani. In an gama, a binne manifol ɗin cikin toka ko busasshen rairayi ya kwana yana hucewa a hankali. Washegari a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a duba ko ta karkace, domin fuskar da ta karkace babu gaskit ɗin da zai riƙe ta.

Duk wannan kwana biyu ne, mai mota kuwa yau yake son tafiya. “Malam, ɗan taɓa min kawai in ƙarasa Guri.” Daga wannan ɗan taɓawa ake samun mafi yawan aikin da ke ɓata wa masu salansa suna: sandar walda ta gama-gari, a jikin mota, a kan ƙarfe mai sanyi. Ina ganin mai sana'ar da ya yarda ya yi haka bai yi laifi ba matuƙar ya faɗa a fili cewa wannan na isa gida ne. Laifin yana wurin wanda ya karɓi kuɗin cikakken aiki ya yi na isa gida. Akwai kuma kas ɗin da ya sha wuta shekara da shekaru har ya ƙone, in an kai masa walda sai ya riƙa tartsatsi yana zubewa. Mai gaskiya zai ce, “Alhaji, wannan ya mutu, a aika Ƙofar Ruwa a nemo wani,” ko da kuwa maganar ta raba shi da kuɗin ranar. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce rumbun wannan sana'a, abin da aka rasa a can kuma sai Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas.

Yaro kan shigo sana'ar ta hannun mahaifinsa ko kawunsa, a damƙa shi ga maigida. Farkon aikinsa ɗebo ruwa, miƙo sifana, kwanciya a ƙasa ya riƙe bututu. Sai ya koyi haɗa tukunyar kabaid, inda ake zuba wa dutsen ruwa ya ba da iskar da in ta haɗu da oksijin take ba da harshen wuta mai zafin da ya haura maki 3,000. Tukunyar nan ba ta yafiya: in wuta ta koma da baya ta cikin tiyo, fashewa take. Ga tankin fetur a kusa da inda ake aiki. Ga ido, wanda da yawansu baƙin gilashin kasuwa kawai suke kare shi da shi, da dare su kasa barci don zafi da hawaye. Wutar lantarki kuwa ba ta tsayawa, sai janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowane ɗinki na walda ya ƙara tsada. A haka yaro zai yi shekaru kafin a yaye shi, a yi addu'a, maigida ya sallame shi da 'yan kayan aiki.

Yanzu ga maganar garanti, wadda ita ce ke haɗa mutane faɗa.

Jif ɗin da ke yawo a ƙasar Haɗeja, in ka cire na gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, kusan duka na hannu ne. Daga Amurka ko Turai suka taso, suka sauka Legas ko Kwatano. Shekaru da dama hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya ita ce ta shigo da motocin Arewa, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. Kowace ɗaya daga cikinsu ta taɓa zama sabuwa, da ɗan littafin garanti a aljihun gaba. Wani lokaci har yanzu littafin na nan, sai dai alƙawarin da ke ciki ya ƙare tun kafin motar ta hau jirgin ruwa, kuma ko da bai ƙare ba, yawanci ba ya tsallake ƙasar da aka sayar da ita.

Ko a can inda takardar ke da rai, ba a rabu da jayayya ba. Dokar tsaftar iska ta Amurka ta tilasta wa kamfani ya lamunci kayan da suka shafi hayaƙi na shekara 2 ko mil 24,000, manyan guda uku kuma, wato tukunyar tace hayaƙi da kwamfutar injin da na'urar gano matsala, na shekara 8 ko mil 80,000. To ina matsayin manifol ɗin da aka ƙera a haɗe da tukunyar tacewa, ba a raba su sai da zarto? Mai mota ya ce abu ɗaya ne, a canza masa kyauta. Wakilin kamfani ya ce tukunyar lafiyarta lau, ƙarfen da ke gabanta ne ya tsage, shi kuwa wa'adinsa ya wuce. Rigimar da ta fi yin amo ita ce ta Ford Explorer ƙirar 2011 zuwa 2017. A 2016 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta buɗe bincike kan ƙorafin cewa hayaƙi na shiga cikin motar. A Yulin 2017 'yan sandan birnin Austin a jihar Texas suka janye irin waɗannan motoci kusan 400 daga aiki, hukumar kuma ta ambaci tsagewar manifol a ƙirar 'yan sanda. Kamfanin ya ce matsalar daga ramukan da aka huda ne wajen ɗora fitilu da na'urorin 'yan sanda, ya kuma yi tayin duba motocin jama'a kyauta. A Janairun 2023 aka rufe binciken ba tare da an umarci kamfanin ya janye motocin ba. Shekara shida da rabi ke nan, a ƙasar da ke da lauyoyi da ɗakunan gwaji, ana neman amsar tambaya ɗaya: da aibin aka sayar, ko a hannun mai ita ya samu?

Ita ce dai tambayar da ake yi a Haɗeja, sai dai a nan ba kamfani a tsakani, daga mai saye sai dillali. Mutum ya sayi Prado a Kano, ya kawo gida, bayan mako biyu ya ji tak-tak. Ya kira dillali. Dillali ya ce, “Ranka ya daɗe, lafiya lau na ba ka ita, ka tuƙa da kanka. Ina ka shiga da ita?” Mai saye kuwa ya shiga ruwa da ita, don saboda ruwan ya saye ta. A rasit ɗin wasu dillalan har an buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Wannan rubutu na rasit ba shi ne ƙarshen magana ba, ko a dokar ƙasa ko a shari'a. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ta kuma kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai kai ingancin da ya kamata ba cikin wata 3. Amma hukumar ta yi wa mutumin Baturiya nisa. Abin da ya fi kusa da shi, ya kuma fi sani, shi ne hukuncin aibi a fiƙihun Malikiyya, wanda almajirai ke karantawa a babin ciniki na Risala da Muhtasar, alƙalai kuma ke aiki da shi a kotunan shari'a na Jigawa. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In wani sabon aibi ya samu abin a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage, ko ya mayar ya biya na sabon. Mai sayarwar da ya san aibi ya ɓoye kuwa, hukuncinsa ya fi tsauri. Malamai sun kuma ce idan aka yi saɓani kan tsufa ko sabuntar aibi, masana abin ake tambaya.

Masanin nan, a maganar manifol, shi ne mai salansa. Wannan ɓangare na sana'arsa ba a cika lura da shi ba, alhali a ganina ya kai waldar kanta nauyi. Tsaga tana da shekaru, kuma shi ya iya karanta su. Sabuwa cikinta fari-fari ne mai tsakuwa-tsakuwa, bakinta da kaifi. Tsohuwa cikinta baƙi ƙirin, bakinta ya cinye, hayaƙi ya yi zane a ƙarfen da ke kusa, wani lokaci har ya gasa wayoyin da ke gefenta. In an taɓa yi mata walda aka gurje aka shafa baƙin fenti, ko aka cusa mata irin manna ɗin nan da ke daskarewa da zafi, yana kankarawa zai gani. Motar da ta fito daga jihohin ƙanƙara na Amurka, inda ake watsa gishiri a titi, tsatsarta daban take da wadda lakar fadama ke jawowa. Iyakar iliminsa kuma a bayyane take: in an yi wata biyu ana tuƙi, sabuwar tsaga ma ta yi baƙi, ba mai iya rantsuwa a kanta. Don haka wanda ya ji ƙara kada ya jira, ya kai a duba a gaban shaidu tun ƙarfen na iya magana.

Matsayin shaida ba shi da daɗi. Dillali na kawo masa aiki duk wata, mai saye kuwa maƙwabcinsa ne ko surukin wansa. Duk abin da ya faɗa wani zai ji haushi. Mafi yawan irin wannan rigima ba ta kaiwa gaban alƙali, a gareji ake kashe ta, ko wurin shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA, ko a zauren mai unguwa, a raba asara: dillali ya sayi manifol, mai mota ya biya kuɗin aiki. Sulhun kan tsaya ne a kan kalmar mutum ɗaya mai baƙin hannu da aka kira ya duba.

Shi ma yana da nasa garantin, kuma shi kaɗai ne garantin da motar ke da shi a duk faɗin fadama: “In ya buɗe ka dawo.” Ba takarda, ba wa'adi. Kyawunsa ke nan, matsalarsa ke nan. Bayan mako uku mota ta dawo tana huci.

“Malam, aikin nan bai yi ba.”

“Alhaji, ka shiga ruwa da ita?”

Tambayar daidai take ta fuskar ƙarfe, kamfanonin mota ma a littafinsu sukan cire ɓarnar ruwa daga abin da suka lamunta. Amma sharaɗin kada a shiga ruwa, ga mutumin da gonarsa ke bayan Baturiya a watan Satumba, sharaɗi ne da ba mai iya cikawa, kuma mai salansa ya san haka tun ranar da ya karɓi aikin. Adalcin da na ga ya fi shi ne a koma ga ƙarfen. In waldar ce da kanta ta buɗe, ko ta tsage dab da gefenta, aikin ne bai nuna ba, a sake shi kyauta. In wani wuri ne daban ya tsage, ko robar injin da aka ce a canza ba a canza ba, mai mota ya biya. Da za a riƙa rubuta layi uku a ɗan littafi, ranar aiki da wurin da aka yi walda da abin da aka ce a gyara, a ɗauki hoton tsagar da waya kafin a rufe ta, da rabin wannan cacar baki ba ta taso ba.

Inda amanar sana'ar ke shan gwaji sosai shi ne indomi. Cikin tukunyar akwai saƙar tangaran da aka shafa wa ƙarafa masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam. A Maris 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 30,000 kowane oza, masu sayen tsohon ƙarfe suka bazama gareji-gareji suna tambaya. Wata motar tun kafin ta bar Turai an yanke mata, kamar yadda masu binciken gwamnatin Holan suka tarar a tashoshin jiragen ruwansu. Wata kuwa a garejin da ta kwana ake buɗe tukunyar a kwashe a mayar da fanko a yi walda, mai ita bai sani ba sai ya ga wutar gargaɗi ta kama, hayaƙi na wari. Akwai lokacin da indomi kan narke ta toshe, mota ta kasa numfashi, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihun mai ita. Ko a nan, mai salansa na kirki yakan kira shi ya gani da idonsa, in an fasa ya ƙulle masa garin a leda ya ba shi, don dukiyarsa ce. Ya kuma kamata ya gaya masa abin da ya rasa: tukunyar nan ita ke ƙone mafi yawan gubar da ke cikin hayaƙi.

Gubar ita ce dalilin da ya sa ban ɗauki tsagar manifol a matsayin maganar ƙara kawai ba. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi. Tsagar da ke gaban mota tana daf da inda fanka ke jan iska zuwa ciki, ramin da ke bututun baya kuma yana ƙarƙashin kujerar da ake zaunar da yara. Gilashi a rufe, na'urar sanyaya mota a kunne, tafiya mai nisa: ciwon kai, jiri, barci. Direba ya ce gajiya ce ko zazzaɓi. Mafi haɗari shi ne wanda ya kafe a laka da dare, bakin bututu ya nutse, ya bar injin na aiki ya kwanta a ciki don gudun sauro. Ga asarar mai kuma: tsagar kan shigo da iska ta ruɗi na'urar da ke auna hayaƙi, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara, mota ta riƙa shan fetur ba dalili. Da rani ma akwai nasa, domin busasshiyar ciyawa da karan shinkafa kan maƙale a jikin tukunya mai zafi su kama wuta.

Motocin da ke shigowa yanzu sun fara canza wa sana'ar fuska. Manifol ɗinsu ba kas ba ne, siririn ƙarfe ne marar tsatsa, ninki biyu, haɗe da indomi da na'urori masu waya. Wutar kabaid ƙona shi take, sandar walda ta gama-gari huda shi take. Abin da yake so shi ne waldar iskar argon, mai tsabta da ɗan ƙaramin harshe, wadda injinta ke buƙatar tsayayyar wuta da tukunyar iskar da sai an ɗauko daga Kano. Maigidan da ya yi shekara talatin yana jin kas a hannunsa yakan juya irin wannan manifol ya ce a kai birni, kuɗin aikin ya bi motar haya ya tafi. Haɗeja na da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman, jihar Jigawa kuma ta daɗe tana kashe kuɗi a kan koyar da sana'o'i. Kwas na 'yan makonni da yamma, ga waɗanda suka riga suka iya riƙe wuta, da injin argon ko guda biyu da ƙungiya za ta riƙe a riƙa biya ana amfani, da gilashin walda na gaske ga kowane almajiri, sun isa su tsayar da wannan aiki a gida.